Ban Ce Na San Ta Ba

…kuma ai ba mutum na yi wa ƙarya ba. Ba wanda ya dube ni ya tambaya. Takarda ce ta tambaya, layi ɗaya can ƙasan form ɗin da ake ba kowane malami kafin a fara tantance masu neman shiga: shin kin san wani daga cikin waɗanda za a gani yau? E ko a'a. Na sa alama a kan a'a. Tara saura kwata na safe, da wannan biron da ke hannuna.

In takarda aka yi wa, ƙarya ce?

Huɗu da minti goma yanzu. Ƙarfe biyar za a karɓi maki. Mutum shida muka gani, ni da Malcolm abokin aikina — tattaunawar rukuni da safe, interview ɗaya bayan ɗaya da rana — kuma gurbin MBA na kyauta guda ɗaya ne bana. Da huɗu ne, kafin a fara yanke-yanken nan. Na cike takardun mutum biyar. Saura ta lamba huɗu.

Scholastica Manasseh.

Schola. 'Yarki, Yaya Justina. Ga sunanta a sama, ga layukan da zan cike a ƙasa, ba komai a kansu. Jagoranci, daga ɗaya zuwa biyar. Gudummawa a tattaunawa. Iya kare ra'ayi. Malcolm ya riga ya miƙa nasa, na gan shi yana rubutawa — biyu, ɗaya, biyu. Bai zalunce ta ba. Abin da idonsa ya gani ya rubuta.

Tun ranar Litinin na ga sunan. Kada in ruɗi kaina. Litinin aka turo jerin, na ce wataƙila wata ce… Scholastica Manasseh nawa ne a Manchester? Na buɗe takardunta, ga adireshin. Whalley Range. Lambar gidan da na shekara biyu ina rubutawa a bayan wasiƙun da nake aikawa Zariya. Flat na uku, saman bene, inda tagar banɗaki ba ta rufuwa sai an cusa mata jarida.

Kwana uku nake da su. Imel ɗaya — na san wannan yarinyar, a canja ni — shi ke nan. Ana yi kullum, ba wanda ya ɗauke shi a bakin komai. Sai su sa wani a kujerata.

Su sa wani a kujerata. To, ga shi na faɗa.

Wasiƙar hukumar jami'a tana cikin jakata tun watan jiya, na ninke ta huɗu. Wai aikina na cikin waɗanda ake dubawa. Mu bakwai ne a sashen, biyar za a bari. Shekarata hamsin da ɗaya. Kwatsam kowa ya zama mai amfani, kowa na neman kwamitin da zai shiga don a ga sunansa a rubuce. Wannan panel ɗin roƙarsa na yi — na je ofishin shugabar sashe da kaina, ina murmushi — sai in koma in ce a cire ni? Ba za ta ce komai ba. Za ta ce ba damuwa, Asama'u, na gode da kika faɗa. Sannan ta kira wani, wani ya zo, a ga ashe aikin yana tafiya ba ni.

Ba shi kaɗai ba ne. A'a. Na kuma ce zan taimake ta, wallahi na ce. Ina zaune a bas daga Handsworth da safen nan, ruwa yana gangarowa a gilashi, ina ta tsarawa: in yi mata tambaya mai sauƙi, in ɗora mata maki ɗaya nan, ɗaya can, ba mai lura. In yi miki wani abu ni ma, Yaya, sau ɗaya a rayuwata. Da wannan na lulluɓe wancan. Wanne ma ya fi muni?

Sun shigo a jere. Ita ce ta huɗu, cikin kwat ruwan toka, sabo fil. Ta yi tsayi irin na mahaifinta. Shekara shida rabona da ita, tun jana'izarsa. Ba ta san a nan nake ba — ta ina za ta sani? Ku dai kun san ina koyarwa a Birmingham. Na canja jami'a ban faɗa ba. Kati nake aikawa da Kirsimeti, layi biyu, sa hannu.

Tana dariya ta shigo. Wannan nake so in riƙe, don ni kaɗai na gani, Malcolm yana laluben gilashinsa. Na bayanta ya faɗi wani abu, ta juya ta mayar masa, kanta a ɗage, kafaɗa a buɗe, ta riƙe wa sauran ƙofa kamar ita ce mai ɗakin. Sai idonta ya faɗo kaina.

Gwiwarta ta lanƙwasa. Kaɗan. Wanda bai sani ba zai ce takalmi ne ya turguɗe ta. Bakinta ya buɗe — "An—"

Na sunkuya kan takarda. Na ce good morning everyone, kowa ya nemi lambarsa ya zauna. Da muryar aji.

1994. Akwati biyu, tashar bas a Manchester, ɗakin da aka yi mini alkawari an ba wani. Ina tsaye ina faɗa a fili, na shiga uku, na shiga uku, don ban zaci akwai mai ji ba. Wata mace cikin rigar nas ta juyo. "Ke 'yar ina ce?" Na ce Zariya. "Ni Kagoro. Ɗauko akwatin." Ke ce, Yaya, kuma iyakar tambayar da kika yi mini ke nan. Ba ki nemi takarda ba, ba ki ce wa zai tsaya mini ba. Washegari kika shigo da sabuwar tukunya a leda — wannan taki ce, abin da ba kya ci ba zai taɓa ta ba. Gadon Schola kika ba ni. Tana 'yar shekara tara, ta tsaya a bakin ƙofa, hannu a ƙugu, ta zuba mini ido tsakiyar fuska: "Why's she got my bed?"

Na ji kunya a madadinki. Abin da na ji ke nan, ba dariya ba. Na ce a raina yarinyar nan ta lalace, ba ta da ta ido.

Ke kina asibiti, shift bayan shift, mijinki yana tuƙi. Ni ce a gida in ta dawo daga makaranta. Ba ni da abin ba ku, sai na ce bari in gyara muku 'ya. Ba wanda ya sa ni. Ba a kallon babba cikin ido, Schola. Ba a miƙa abu da hagu. In kin zo gaisuwa ki rusuna — ƙasa, ƙasa, ba wannan ba. Ba a kiran sunan babba. In babba yana wuri, ki kama bakinki sai an tambaye ki, in an tambaye ki ma ki taƙaita. Sake. Fita ki sake shigowa. Tana fita tana shigowa a wannan ɗan koridon, safarta ta makaranta ɗaya ta zame…

Ni na zaɓi batun tattaunawar yau. Tun watan Yuli na rubuta shi, ban san za ta zo ba, wannan kam ba laifina ba ne. Wata ƙaramar hukuma ce kuɗinta ya ragu, dole ta rufe ɗaya cikin uku: laburare, wurin iyo, ko cibiyar matasa. Minti ashirin, ku tattauna ku yanke shawara. Mu muna gefe muna kallo muna rubutu.

Cibiyar matasa. Shekara shida tana aiki a irinta, uku daga ciki ita ce shugaba, ma'aikata goma sha huɗu a ƙarƙashinta, har aka rufe ta a watan Maris. Yana cikin takardunta. Tun Maris take gida, a ɗakin nan dai, a gadon nan dai. Wanda ya rubuta mata shaida ya ce ta miƙe a taron jama'a, gaban mutum ɗari biyu, ta karanta wa kansiloli alƙalumansu ta nuna musu inda suka yi kuskure. Ya ce bai taɓa aiki da mai rashin tsoro irinta ba. Sau uku na karanta layin nan ranar Litinin, har na yi murmushi, kamar ni na haife ta.

Lamba biyu ne ya fara, ɗan banki mai shuɗin nektai. Ya ce a rufe cibiyar matasa, don ba a iya auna amfaninta, yara ne kawai ke zuwa buga tebur. Na ga ta ja numfashi. Na ga ta matso gaba, tafin hannunta a kan teburi, yatsa ɗaya ya ɗaga. Tana da amsar, Yaya. Tana da ita da lambobi da sunaye. Sai ta waigo gefen da nake — ba fuskata ba, hannuna ta kalla — ta ga ina rubutu.

Ta janye hannun. Ta jingina.

Me nake rubutawa ma? Ga shi nan a littafina. Kwanan wata. Na rubuta kwanan wata sau biyu.

Sallar layya ce, ko ta azumi? An cika falon, ɗalibai 'yan gida, kin soya mana kaji duk da ba bikinki ba ne. Malam Musbahu, mai digiri na uku a fannin noma, yana ta bayani da murya sama cewa a makarantun ƙasar nan ba a koyar da lissafi sai yaro ya kai sakandare. Schola ta ce daga ƙasa inda take zaune, that's not true, ta tashi ta ɗauko littafinta ta buɗe masa a gwiwa. Aka yi dariya. Shi bai yi ba. Na ja ta kicin da kunne — da kunne, na tuna ɗuminsa a yatsuna — na ce ko kin fi shi sani, ba ke za ki faɗa ba. Ta ce, "Even if he's wrong, Anti?" Na ce ko da ya yi kuskure. Musamman ma in ya yi kuskure.

Ba ta yi kuka ba. Ta koma ta durƙusa ta ba shi haƙuri da Hausar da na koya mata.

Kika rungume ni ranar da zan tashi, kika ce Asama'u, Allah ya yi miki albarka, kin mayar mini da ita 'yar gida. Na karɓi godiyar. Na daɗe ina tunawa da ita in raina ya ɓaci.

Minti ashirin. Jimla biyu Schola ta yi a tattaunawar yau. Ta ce ta yarda da abin da lamba biyar ta faɗa. Ta ce saura minti uku. Suka rufe cibiyar matasa, su shida, ba wanda ya ƙi. Ita ma ta ɗaga hannu.

Malcolm ya karkato ya raɗa mini, kaico, ga ta da ƙarfi a takarda. Na ce haka ne.

Haka ne, na ce!

Huɗu da rabi ta wuce. Ana jan kujeru a ɗakin da ke kusa. An kashe hita tun ƙarfe uku, wai tsimi, yatsuna sun yi sanyi.

Da hutun rana ma da sauran dama. Awa guda cur. In je in ce wa shugabar sashe na yi kuskure, a ba ta wasu malaman don interview, rabin makin yana nan. Na fito da niyyar haka — ko ban fito da ita ba? Na hango Schola a ƙarshen koridon, zaune ita kaɗai a benci, ta buɗe wani abu a cikin takardar foil tana kallonsa ba ta ci. Ƙosai ne, na rantse ƙosanki ne, na san yadda kike naɗe shi. Kin tashi da asuba kin soya mata ta hau jirgin ƙasa da shi. Na juya na bi ta ɗaya matattakalar. Na sauka ɗakin salla na yi azahar. Me na roƙa? Na ɗaga hannu, na san na ɗaga… Allah ya sa kada a gane. Wannan na roƙa. Ban furta ba, amma shi ne.

Da rana, mu uku a ƙaramin ɗakin interview. Malcolm mutumin kirki ne, ya zuba mata ruwa, ya ce ta saki jikinta, a nan da suna ake kiran kowa, ni Malcolm, wannan Asama'u. Ta ce to. Har aka gama ba ta kira ni da komai ba. Ta yaya za ta kira? Bakinta ba zai iya ba. Ni na ɗinke shi a wurin.

Ya ce ta ba mu labarin wani lokaci da ta gaya wa na gaba da ita cewa ya yi kuskure, kuma ya zamana ita ce da gaskiya.

Tambaya ta uku ce a jerin, kowa an yi masa. Lamba biyu ya kwashe minti shida yana yabon kansa. Ita ga mutum ɗari biyu a ɗakin taro, ga kansiloli, labarin yana kwance a gaban Malcolm, hanya yake buɗe mata. Ta dubi gefen teburi. Hannaye a cinya, ɗaya bisa ɗaya. Ta ce aikin na kowa ne, ba ita kaɗai ba, akwai manya da suka fi ta sani. A gabana za ta zauna ta ce na ƙaryata babba kuma na yi daidai? A gabana?

Ya ce ko ina da tambaya. Na yi mata mai sauƙin da na tanada a bas — me ya sa kika zaɓi wannan makarantar. Ta amsa wa gefen teburi, a taƙaice, da ladabi. Ladabi mai kyau. Da a falonki ne da kowa ya ce madalla.

Ni fa? Ni ina na kai nawa?

Interview ɗina na farko a ƙasar nan, ban samu ba. Wata daga cikin masu tantancewar ta kira ni daga baya, ta ce takardunki sun fi na kowa, amma kin ƙi kallonmu, sai muka ji kamar akwai abin da kike ɓoyewa. Na koma ɗakina na tsaya gaban madubi. Wata biyu ina koyon kallon ido, ina koyon cewa ni na yi, ni na jagoranta, ina koyon shiga maganar mutum tun bai rufe baki ba. Kamar mai cire ƙaya ɗaya bayan ɗaya. Na cire wa kaina. Lokacin tana 'yar sha uku, mil tamanin ne tsakaninmu, waya ɗaya ce — Schola, abin da na koya miki na gida ne, a waje ki ɗaga kai — ban yi ba. Ban ma tuna ba.

Kuma ba ta buƙace ni ba, wannan ne abin. Ita ta koya wa kanta. Ta gina wata Schola ɗin da hannunta, mai tsayawa gaban mutum ɗari biyu, ita ce ta shigo da safe tana dariya. Da a ce Malcolm ne da wani Bature a kujerun nan, da ta cinye ɗakin. Ba nauyin Turawa take ji ba. Mutum ɗaya ne a duk Birmingham da zai shigo ɗaki ta koma 'yar shekara tara, kuma shi ne ya roƙi a ba shi kujerar.

Da za ta fita ta miƙa wa Malcolm hannu. Ta juyo gare ni, ta tsaya daidai, gwiwa a miƙe. "Thank you, Dr Abdulsalami."

Biyar saura kwata.

In ba ta biyar, biyar, biyar? Ba za ta kai ba, an haɗa da na Malcolm an raba. Kuma in tazara ta yi yawa tsakanin malamai biyu sai an kira su an tambaya — me kika gani da shi bai gani ba? In ce me? In ba ta biyu kamar yadda ya bayar, takarda ta yi daidai da abin da ya faru a ɗakin, ba mai tambaya har abada. Lamba biyu ya samu. Ita ta ce miki ba a dace ba, Mama, ke ki ce Allah bai nufa ba, ku durƙusa ku yi addu'a. In aiko kati a Disamba.

Ko in faɗa. Dokar a fili take: in malami ya san mai nema, a soke, a sake mata da wasu. Za a sake mata. Ni kuma ga sa hannuna a ƙarƙashin a'a, da kwanan wata, a watan da ake neman mutum biyun da za a sallama. Ba sai sun sha wahalar nema ba.

Na buɗe imel. Zuwa ga shugabar sashe. Bayan an kammala ne na gane cewa — ƙarya. Goge. Ban tabbatar ba da farko ko ita ce — ƙarya. Goge. Akwai sanayya ta nesa tsakanina da iyalin — ta nesa! Gadonta na kwana a kai shekara biyu.

Na san Scholastica Manasseh tun tana 'yar shekara tara. Na san haka tun ranar Litinin.

Layi biyu. Ba su da kyan gani. Ban saba rubuta abu ba tare da na sa masa gabatarwa ba. Hannuna yana kan linzamin kwamfuta, kibiyar tana kan aika, na ji kamar hannun wata ne. In na rasa wannan, wa zai ɗauki mai hamsin da ɗaya? Gida? Wane gida — na Zariya da ƙannena suka raba? Ko in hau jirgin Manchester da akwati biyu in sake tsayawa a tashar…

Wayata ta motsa a kan teburi. Lambar da ban ajiye ba.

"Anti ina wuni. I'm on the train. Ki yi hakuri na kusa gaishe ki a gaban su, I wasn't thinking. Ban fada ma kowa ba, not even Mum. Kada ki damu."

Na karanta. Na sake karantawa.

Ita ce ke ba ni haƙuri.

Ta ga na sunkuyar da kai da safe, ta gane, ta ɗauka ta riƙe mini yini guda. Ashe ba nauyina kaɗai take ji ba — rufa mini asiri take yi. Ko an kira ta gobe an tambaye ta, cewa za ta yi ba ta san ni ba. Ba za ta taɓa cewa babba ya yi kuskure ba. Ba abin da zai same ni, Yaya. Na tsira. Da hannuna na tanadi wannan tsirar tun tana 'yar firamare…

Takun sakatariya a koridon, tana ƙwanƙwasa ƙofofi tana karɓar takardu. Ta wuce ta Malcolm. Saura biyu ta iso tawa.

Kada ki damu, in ji ta.

Takardarta ba maki, imel ɗin ban aika ba, hannuna a kan linzamin ya yi nauyi. Ya yi nauyi ƙwarai.